Zanen da Tasalla Ta Wanke

Duk macen da ta haihu a Birketiri, unguwarmu ta Yawunde da muke ce wa Birik, a zamaninmu, in dai ba ta gudu wurin iyayenta a Arewa ba, to ta san hannun Tasalla. Hannu ne da aka yi shi don sassaƙar turmi, aka yi mantuwa aka ɗora shi a kafaɗar mace. In ta daki bayanka da sunan gaisuwa sai ka tuna laifin da ka yi tun kana rarrafe. Taubasanta sun sha gaya mata haka, ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Matso in ƙara maka, ka tuna wanda ka yi a ciki."

Sana'arta wankan jego. Gado ta yi wurin kakarta, wadda ta sauko da ita daga Ngaundare tana 'yar mitsitsiya, lokacin Birik ba komai ba ce sai ramukan jar ƙasa da bukkokin mahauta. In aka haihu, kafin uban jariri ya gama raba goro an aika mata. Sai ta zo da rabin duro a ka, ta ɗora a murhu, ta zuba ganyen darbejiyar da ake aiko mata ta jirgin ƙasa, in ya yanke ta yi ciko da na gwaba da mangwaro. Ruwan sai ya tafasa har kajin maƙwabta sun fara neman mafaka. Sannan ta zaunar da maijego a kan turmi, ta tsoma damin ganye, ta fara fyaɗawa. Masu suyan bakin titi sun ce daga ihun kaɗai suke gane ko haihuwar fari ce ko an saba.

Abin da ya ɗaga ta sama da sauran masu sana'ar ba ƙarfin hannun ba ne, kunnen ne. Tasalla ba ta jin roƙo. Ba kurma ba ce, in ka yi gulmarta a kasuwar Mokolo za ta ji daga Birik. Amma da zarar ta ɗaura zani a ƙirji ta riƙe ganye, to kunnen ya tafi hutu. An haɗa ta da Allah, an haɗa ta da Annabi, an haɗa ta da kabarin uwarta. Da 'yan mata suka fara haihuwa a asibiti sai suka samo sabon abin faɗi: "Inna, likita ya hana." Likita ya hana ruwan zafi, likita ya hana kunun kanwa, wata ma ta ce likita ya hana a taɓa ta gaba ɗaya. Tasalla ta ji "likita ya hana" har ya zame mata kamar kukan akuya a bayan gida. Takan ce, "To, ya zo ya hana ni da bakinsa," ta ci gaba da aikinta. Kuma a faɗi gaskiya, bayan arba'in matan kan fito suna sheƙi, su aiko mata da atamfa, su manta da ashar ɗin da suka ɗura mata.

Mijinta Gajere mahauci ne, ya rasu ya bar mata gida mai 'yan ɗakuna a bayan layin teloli, ba ɗa ba jika. Tana zaune ita da duronta aka shiga shekarun nan da kowa ke kira lakiriz, wato shekarun matsin tattalin arziki. Aka yanke albashin ma'aikata, aka dawo aka sake yankewa, kuɗin ƙasa ma aka karya darajarsa. Asibiti ya koma kasuwa. Kafin likita ya ɗaga ido ya dube ka sai ka bi layin kes, wato wurin karɓar kuɗi, ka biya, ka sayo auduga, ka sayo allura, ka sayo safar da zai sa a hannu ya taɓa ka. Saura kaɗan a ce ka zo da naka likitan.

Masu ciwon daji na Arewa su suka fi kowa shan wuya, don injin da ake gasa ciwon da shi babu shi a can. Sai su hau jirgi su kwana suna tafiya, su sauka a Yawunde ba su san kowa ba, ba sa jin Faransanci, abin da suka iya kawai su ce wa mai taksi "Birik". Maza kan samu wurin kwana a barandar masallaci ko a shagon wani tela. Mata fa? Wata rana Tasalla ta tarar da wata a gindin famfo ta naɗe kamar tsumma. Ta saɓa ta a kafaɗa kamar buhun gero ta kai gida. Daga nan gidan ya zama masauki. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya raɗa wa abin suna. Teloli suka riƙa haɗa ragowar yadi suna ɗinka riguna masu faɗi waɗanda ba sa gugar ciwo, riga ɗaya launi barkatai, mara lafiya ta saka ta koma kamar rumfar biki. Baballe, babban masu suyan layin, shi ke aiko da ƙasusuwa da ƙafar saniya a yi romo, kuma bai taɓa samun godiya ba.

"Baballe, wannan ƙashin kare ne ya riga ka gani?"

"Tasalla, a lakiriz ɗin nan karen ma layi yake bi a bayanki."

Mulkin gidan irin nata ne. Wadda ta ce ba ta jin yunwa, Tasalla ta tsaya a kanta da ludayi har yunwar ta zo don dole. Wadda ta ce mutuwa take so, Tasalla ta ce ta bari sai ta gama romon, ba a ɓarna a gidan nan. Amma duk matan da suka sauka wurinta a farkon nan, daga masu jiran tiyata sai masu jiran allura. Ba wadda ta kai ga injin. Wasu sun koma gida, wasu kuwa ita ta yi musu wankan ƙarshe.

Sai ga matan manya. Matan daraktoci da manyan ma'aikata 'yan Arewa da ke zaune a Tsinga suka kafa ƙungiyar taimakon masu ciwon daji. Shugabarsu Hajiya Fatiha, mace mai turaren da ke riga ta shiga ɗaki, ya kuma ƙi fita bayan ta tafi. A ba su haƙƙinsu: sun je asibitin da ke da injin, sun zauna da manya, sun ɗauki nauyin gasa ciwon wasu matan Arewa, abin da duk romon Baballe ba zai iya ba. Sai dai a lokacin magana ta riga ta fito cewa za a rufe sashen, wai za a sake tsarin aiki, a mayar da masu gashi Duwala. Rukunin da ƙungiyar ta biya wa shi ne na ƙarshe. Wadda ta shiga ta shiga, wadda ta rasa sai ta nemi hanyar Duwala da ƙafarta da aljihunta.

A cikin rukunin nan akwai Saliha.

Daga wani ƙauye take a bayan Garwa, ciwon a nonon hagu. Yayanta Haman ne ya kawo ta, bayan dangi sun sayar da bijimin da suke huɗa da shi. Sun daɗe a barandar asibiti suna jiran layi, har masu shara suka fara gaishe su da suna. Da ƙyar ta samu ganin likitan da ke auna wurin da wutar injin za ta bi. Aka ɗauki hotonta, aka yi mata zane a ƙirji, aka ce ta dawo farkon mako a fara. Ranar ce Hajiya Fatiha ta gan ta kwance a kan kwali, ta ce sam, mara lafiyar ƙungiya ba za ta kwana a baranda ba. Ta sa ta a mota sai gidan Tasalla.

Motar ta kasa shiga lungun, aka tsaya a bakin kwata. Direba ya shigo da katan-katan na sabulu a kafaɗa, mai hoto na biye da shi.

"Mama Tasalla, ga baƙuwa mun kawo miki," in ji Hajiya Fatiha, gefen mayafinta a kan hanci. "Ga kuma gudunmawar ƙungiya. Sabulu ne mai kyau. A dai kula da tsabta, kin san mutanenmu na ƙauye."

"Hajiya, sabulu ake ci? Ko garin masara ba ku haɗo ba?"

"Wata mai zuwa, in Allah ya so. Matso nan ki riƙe katan ɗin ta wannan gefen. Ke baiwar Allah, ɗago kai kaɗan."

Aka ɗauki hoto. Haman ya tsaya daga zaure, tunda namiji ne baƙo, ya yi godiya har ƙasa, ya tafi neman dako a Mokolo. Hajiya ta wuce. Ba ta ce komai a kan zanen ba, don ita ma ba ta san da shi ba. Ta biya wa mata da dama kuɗin inji, amma ba ta taɓa ɗaga mayafin ko ɗaya ta ga abin da ke ƙasa ba.

Washegari da hantsi Tasalla ta ɗora duro. Ta ƙare wa baƙuwar kallo: dauɗar baranda ta zauna a wuya, kitso ya tsufa ya cukurkuɗe, ga warin ciwo. A gidan Tasalla ba a taɓa barin baƙo haka ba. Kuma a shaida wannan, don bai taɓa faruwa ba: ranar ta surka ruwan. Har gwiwar hannu ta tsoma ta gwada, kamar za ta wanke jariri. Ta ajiye damin ganye gefe, ta ɗauko soso mai laushi da sabulun ƙungiya sabo fil.

Da ta zame wa Saliha zani sai ta tsaya. Layuka ne masu launin shuni a ƙirjin, an ja su sun haɗu kamar an yanka fegin gida, ga 'yan gicciye nan da can, ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin hammata, wani layin ya zagaya ta haƙarƙari.

"Wane ɗan banza ne ya mai da ke allo?"

Saliha ta rufe wurin da tafin hannu. Hausarta kaɗan ce, ta cin kasuwa, sauran duk Fillanci, kuma Dada take kiran Tasalla, yadda mutanensu ke kiran uwa.

"Dada, a'a. Ban da nan. Likita ya hana."

Da ta ce kunama ce a wurin, da ta ce uwarta ce ta zana mata kafin ta rasu, da wataƙila Tasalla ta saurara. Amma sai ta ɗauko maganar nan da aka yi shekara da shekaru ana jifan Tasalla da ita daga kan turmi.

"Likita ya hana," Tasalla ta maimaita, tana murza sabulu a soso. "Shi yana can yana wanka safe da yamma, ke ya bar ki kina tsami. Ɗaga hannun, 'yar nan."

"Dada, don Allah. Inji yana gani. Inji yana bi."

"Injin ma ya fi son mai tsabta. Ɗaga."

Saliha baƙuwa ce, a gidan wadda ta isa haihuwarta. Ta ci tuwonta jiya, ta kwana a kan tabarmarta. Mutanensu ba sa kokawa da mai masauki. Ta faɗa, ta sake faɗa, in ta ƙara ya zama rashin kunya. Sai ta ɗaga hannun, ta juya fuska ga bango.

Tawadar ta yi gardama. Ita kuwa Tasalla ba a yi tawadar da za ta kayar da ita ba. Ciwon kansa ta kauce masa, ko kumfa ba ta bari ya taɓa shi ba, amma layukan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da sabulu, da lemon tsami, wanda ya ƙi ta shafa masa man gyaɗa ya jiƙa ta dawo masa. Kafin azahar ƙirjin ya fita tas. Ta tsefe mata kai, ta yi mata sabon kitso, ta sa mata rigar teloli, ta kawo romo. Saliha na sha hawaye na sauka cikin kwanon, Tasalla ta ɗauka yaji ne ya yi yawa.

Da la'asar Haman ya zo gaisuwa. Daga zaure suka yi magana da ƙanwarsa da Fillanci, 'yar gajeriyar magana. Da ta ji maganar ta yanke sai Tasalla ta leƙo.

"Lafiya, ɗan nan?"

Ya durƙusa, idonsa a ƙasa. "Lafiya, Inna. Allah ya saka da alheri, an sha aiki. Dama zanen nan shi ne hanyar wutar. Sun ce in babu shi ba za su ɗora ta a injin ba. Shi ya sa tun ranar ba ta bari ruwa ya taɓa wurin ba."

"To sai a koma a sake zanawa. Tawada ce ta ƙare a Yawunde?"

"Likitan da ke zanawa ya tafi, Inna. Mu ne na ƙarshe da ya gani. An ce ya gaji da guntun albashi, ya bar ƙasar."

Bai ɗaga murya ba. Da zaginta ya yi, da ta san inda za ta ajiye zagin, ta saba. Ya sake cewa Allah ya saka da alheri, ya tashi ya tafi masallaci.

Tasalla ta yafa mayafi ta haura Tsinga a ƙafa. Maigadi ya tsayar da ita a ƙofa har ƙafafunta suka kusa yin saiwa, sannan Hajiya Fatiha ta fito baranda. Tasalla ta gaya mata abin da ya faru.

"Kin wanke? Da me?"

"Da sabulunku."

"Mama Tasalla, mu inji muka biya, ba mu ce a yi wanka ba."

Ta shiga ta buga waya, ta daɗe tana zuba Faransanci, ta fito. Gaskiya ne likitan ya tafi. Wanda ya rage mai kunna injin ne kawai, shi kuma ba ya zane, layi yake bi. A Duwala akwai mai zanawa, amma can sabon layi ne da sabon kes, kuma ƙungiya ba ta da hannu a can.

"Sai dai mu sa ta a addu'a. Ki gaishe ta. In sabulun ya ƙare ki aiko."

A hanyar dawowa dabarar ta zo mata. Ai ita ta wanke layukan. Ta bi kowanne da yatsa, ta san inda ya fara da inda ya tsaya. Matar da ta san jikin rabin matan Birik fiye da mazajensu, 'yan layuka ne za su gagare ta? A cikin kayan aikinta akwai 'yar kwalbar maganin nan da take ɗiga wa jarirai a cibiya. Launinsa da na tawadar likita uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar da za a koma asibiti, da gari ya waye sosai, ta zaunar da Saliha a tsakar gida inda haske yake, ta karyo tsinken tsintsiya ta tsoma a kwalbar.

"Kar ki motsa. Kuma ko Haman kar ya ji."

Saliha ta dube ta, ta dubi tsinken. Tun ranar wankan sai lokacin fuskarta ta ɗan saki. Ita da kanta ta riƙa nunawa: nan, Dada, a'a, ƙara sama. Layin sama ya tafi daidai, na tsakiya ma haka. Da aka zo gicciyen hammata sai suka saɓa. Tasalla ta ce yana saman wani ɗan baƙin tabo, Saliha ta ce a ƙasansa yake. Ta kuma tuna cewa lokacin da likita ya zana a kwance take, hannu a bayan kai, ba a zaune ba. Da ta kwanta fatar ta ja, duk layukan suka karkace. Tasalla ta goge wasu ta sake ja. A ƙarshe ta raba gardama, ta ɗora gicciyen a kan tabon. Da ya bushe, wallahi ko likitan ne ya dawo sai ya rantse hannunsa ne.

Ɗakin jira na sashen gashi a ƙasan bene yake, da 'yan bencuna da fankar da ta mutu tun kafin lakiriz. Har an fara kwashe kaya, kujeru a kife a kan tebura. Haman ya tsaya a waje. Kusa da Tasalla wata mata ce 'yar Marwa, ta kusa gama nata gashin, ta sassauta riga tana fifita ƙirji da kwali. Tasalla, da ba ta iya ganin jikin mace ta kau da kai, ta leƙa.

Fatar ta ƙone ta yi baƙi ƙirin, amma ba ko'ina ba. Ƙunar ta tsaya cak a kan layin, kamar an ɗora dutsen guga an ɗauke. Cikin layi gawayi, wajen layi fata lafiya lau. Ko kaurin tsinke wutar ba ta tsallake ba.

"Baiwar Allah, ashe haka take bin layin?"

"Shi kaɗai take bi, Inna. Ba ta san ciwo ba, ba ta san mutum ba. Kuma ba a fata take tsayawa ba, har ciki take shiga. Likita ya ce min nan," ta nuna ƙasan layin da yatsa, "in aka sauka kaɗan, huhu ne da zuciya."

Tasalla ta dubi yatsunta. Shunin bai gama fita daga farcenta ba. Ta tuna gicciyen da ta ɗora a kan tabo don kawai a daina musu.

Mai injin ya leƙo, wani dogo ɗan Kudu, idanu jajur, rigar aiki ta sha jiki. Ya kira sunan Saliha a karkace. Ya ɗaga gefen rigarta, ya yi wa zanen kallon mutumin da ya gaji da kallo tun bara, ya gyaɗa kai, ya nuna mata ƙofa. Shi ke nan, an wuce. Saliha ta miƙe, ta waiwayo ta dubi Tasalla, idonta na cewa mun tsira.

Ƙofar mai kauri ce, ta ƙarfe. Ta cikinta Tasalla ta hango gadon, da kan injin a rataye a samansa. Ta yi rayuwarta tana ƙona mata da ruwa, amma ta san ruwanta, a fata yake tsayawa, gobe a tashi lafiya. Ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

"Misye. Misye, tsaya."

Faransancinta bai wuce na cinikin tumatir ba. Ta nuna ƙirjin Saliha, ta nuna kanta, ta ɗaga farcen nan mai shuni har gaban hancinsa.

"Se muwa. Ba dokta ba. Muwa." Wato ita ce ta zana, ba likita ba.

Mutumin ya dubi farcen, ya dubi zanen, wannan karon da idon gaske. Ya jiƙa auduga ya goga a gefen layin sama, launin ya biyo audugar. Ya dafe kai ya yi magana mai tsawo. 'Yar Marwa ta fassara abin da ya fassaru: ya ce Allah ya so su, ya ce shi ba zai kunna wuta a kan zanen gida ba, ya ce ba shi da ikon zanawa, su je Duwala. Sannan ya leƙa waje ya kira wata. Tsohuwa ce da aka ce ta zo ta zauna ko za a samu gurbi, da nata zanen a wuya. Ta tashi da sauri, 'yarta na riƙe da ita, suka shige ta gaban Saliha.

Suka dawo a taksi. A gida Saliha ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi romo. Tasalla ta fita zagayen unguwa. Labari ya riga ta, don Birik ba ta iya riƙe magana ko na tafasar shayi. Baballe ya hango ta daga bayan hayaƙinsa.

"A'a, likita Tasalla. An ce yanzu har zane ake yi. Zo ki zana min inda zan yanka."

Ta tsaya ta dube shi. Ya jira ashar ɗin da ya saba, bai zo ba. Sai ya ajiye wuƙar, ya goge hannu, ya ce zai yi magana da mahauta a haɗa kuɗin Duwala. Teloli suka ce za su gani, masu ƙosai suka ce za su gani, kuma ba ƙarya suke yi ba, lakiriz ce ta cinye abin da za su gani ɗin. Aka haɗa abin da ya haɗu. Haman ya je ya tambayo waɗanda suka san Duwala: sabon layi, sabon hoto, wurin kwana babu, akwai wadda ta je tun damina har yanzu ba a kira ta ba. Ya dubi ƙanwarsa, da yanzu sai an riƙe ta take zagayawa. Ya karɓi abin da unguwa ta haɗa, ya sayi tikitin Ngaundare, hanyar gida.

Tasalla ta raka su tasha da yamma, ƙullin kaya a ka, kwanon dambun nama daga Baballe a hannu. Ta ture wani ƙato mai buhunan goro da gwiwar hannu, ta samar wa Saliha wuri a jikin taga, ta shimfiɗa mata zani. Sannan ta tsaya, manyan hannayen nan sun rasa abin yi.

"'Yar nan, ki yafe min."

"Wanne, Dada?" Babu fushi a muryar. "Wankan na yafe tun ranar. Ba ki sani ba."

"Ɗayan fa?"

Saliha ta dubi masu sayar da burodi a bakin jirgi.

"Ɗayan kin sani. Da kin yi shiru."

"Da wutar ta ci zuciyarki."

"Wataƙila. Wataƙila kuma ciwon za ta ci. Yanzu ba ta ci komai ba." Ta ja numfashi. "An sayar da bijimi, Dada. Bana da fartanya za su yi huɗa. Me zan ce musu?"

Tasalla ta ciro ƙyalle daga ƙugu, ta jiƙa da ruwan buta. Zanen nata har yanzu yana nan a ƙirjin, inda mai injin ya goga ne kawai ya ɓaci. Ta miƙa hannu za ta share ƙaryar da ta zana, kar yarinya ta shiga da ita cikin mutanenta.

Saliha ta riƙe mata wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, ko kaza ce za ta ƙwace.

"Bar shi. In na isa su gani, su san likitan Yawunde ya taɓa ni." Ta saki hannun. "Wurin da ya goge ma, in kwalbar na jikinki, ki gyara min."

Kwalbar kuwa kullum tana cikin lalitarta, don ba ta san inda za a tare ta a ce wance ta haihu ba. Ta roƙi tsinken ashana wurin mai goron da ta ture. Haman ya juya baya yana kallon taga ta ɗaya gefen. Tasalla ta kare su da mayafinta, ta tsoma tsinken, ta cike layin. Jirgin ya yi kuka, ya ɗan jijjiga, layin ya fito a karkace.

"Bai tafi daidai ba," in ji Tasalla. "Bari in sake."

Saliha ta sunkuya ta duba, ta ja rigar ta rufe.

"Ya yi, Dada. Sauka, kar jirgi ya tafi da ke. A can ba wanda ya san yadda na gaskiya yake."